Gus Dur: Malamin da ya sakar wa jaridu mara, majalisa ta tsige shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Alƙahira, muna karatu tare da 'yan Indonesiya da yawa. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni labarin wani shugaban ƙasarsu, malamin addini, Abdurrahman Wahid, wanda majalisa ta tsige bisa zargin cin kuɗi. Amma kuma ya ce har gobe mutane na tururuwa zuwa kabarinsa, jaridu kuma ba sa ambatonsa sai da yabo. Shin ya ci kuɗin ne, ko sharri aka yi masa? Kuma yaya aka yi jaridun da suka yi masa ca suka dawo suna yabonsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, duka biyun sun faru. An tsige mutumin ranar 23 ga Yuli, 2001, bayan wata 21 kacal a kan mulki, kuma a yau da wuya ka sami tsohon shugaban Indonesiya da talakawa ke ƙauna kamarsa. Batun kuɗi kuwa, babu kotun da ta taɓa gurfanar da shi, balle ta kama shi da laifi. Ofishin babban lauyan gwamnati ma ya fito a ƙarshen watan Mayun 2001 ya ce bai ga hannunsa a ciki ba, majalisa ta yi kunnen uwar shegu ta ci gaba da abin da ta sa gaba. A fahimtata Gus Dur, kamar yadda kowa ke kiransa a can, ba ɓarawo ba ne. Sai dai yana da nasa laifin, don shi da kansa ya riƙa miƙa wa maƙiyansa sandar dukansa, kuma ba za ka gane yadda hakan ta faru ba sai ka san gidan da ya fito.

An haife shi a 1940 a Jombang, gabashin tsibirin Jawa. Kakansa na wajen uba, Hasyim Asy'ari, shi ne jagoran malaman da suka kafa ƙungiyar Nahdlatul Ulama a 1926, wadda ake taƙaitawa da NU, ƙungiyar malaman gargajiya masu makarantun kwana da ake kira pesantren, inda ɗalibi ke zama gaban malami ya karanta fiƙihun Shafi'iyya da nahawu da tasawwufi. Mabiyanta miliyoyi ne masu yawa, galibinsu manoman karkara. Mahaifinsa, Wahid Hasyim, ya yi ministan harkokin addini, ya rasu a haɗarin mota a 1953, yaron yana cikin motar. "Gus" laƙabin girmamawa ne da ake yi wa ɗan babban malami. Ke nan tun yana ƙarami ya saba da mutanen da ke sumbatar hannunsa, waɗanda ko ya faɗi abin da ba su gane ba sai su ce akwai hikima a ciki. Wannan tarbiyya ta amfane shi a shugabancin NU, ta kuma cuce shi a fadar shugaban ƙasa.

A ƙarshen 1963 ya zo nan inda kake, Azhar. Aka ce sai ya fara da ajin koyon Larabci, alhali ya riga ya sha littattafai a gida. Abin ya gundure shi, ya koma zaman ɗakunan karatu da gidajen silima da kallon ƙwallo. A 1966 ya koma jami'ar Bagadaza, can ya kammala a 1970, ya ɗan zaga Turai, ya dawo gida a 1971.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, kafin ya zama ɗan siyasa ɗan jarida ne, ko in ce marubucin sharhi. Ya yi rubutu a mujallar Prisma, da mujallar Tempo, da jaridar Kompas. Yau ya rubuta kan makomar makarantun pesantren, gobe kan dimokuraɗiyya, jibi kan gasar cin kofin duniya. Ya ma shugabanci majalisar masu fasaha ta Jakarta a farkon shekarun 1980, abin da ya sa wasu dattawan malamai suka riƙa tambayar me ya haɗa jikan Hasyim Asy'ari da 'yan wasan kwaikwayo. Ya san ɗakin labarai ciki da bai, ya san irin jimlar da edita ke ɗorawa a shafin farko.

A 1984, a babban taron NU na Situbondo, aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar, ya riƙe ta shekara 15. A wannan taro ne NU ta janye daga siyasar jam'iyya ta koma aikin ilimi da al'umma, ta kuma amince da Pancasila, wato ginshiƙai biyar da aka kafa ƙasar a kansu. Zamanin mulkin shugaban ƙasa Janar Suharto ne, lokacin da ma'aikatar yaɗa labarai ke ba jarida lasisi, ta kuma ƙwace shi duk ranar da ta ga dama. A watan Yunin 1994 rana ɗaya aka rufe Tempo da Editor da DeTik. A irin wannan yanayi, mutumin da ke da miliyoyin mabiya a bayansa, wanda zai iya faɗin abin da ɗan jarida ba ya iya faɗi da bakinsa, ya zama abin nema. Ya ƙi shiga ICMI, ƙungiyar 'yan bokon Musulmi da aka kafa a 1990 da albarkar Suharto, yana ganin dabara ce ta amfani da addini don tsawaita mulki. A 1991 ya kafa dandalin dimokuraɗiyya tare da Kiristoci da 'yan boko na kowane ɓangare. A 1994 gwamnati ta yi iya ƙoƙarinta ta kayar da shi a taron NU na Cipasung, ya sha da ƙyar. Jaridun gida da na waje suka ɗauke shi gwarzo.

Amma tun a lokacin bakinsa na ja masa. A ƙarshen shekarun 1980 wata mujalla ta buga hira da shi da ke nuna kamar ya ce ana iya maye gurbin sallama da "barka da safiya". Ƙasa ta ɗauki zafi, malamai suka yi masa raddi. Daga baya ɗaya daga cikin editocin mujallar ya bayyana cewa an yanke ƙarshen maganar, inda ya bambanta gaisuwar al'ada da sallamar da shari'a ta wajabta a cikin salla. Gyaran bai kai inda labarin farko ya kai ba. A 1990 kuma wata jarida mai suna Monitor ta buga wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta rashin ladabi, inda ta jera sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin sunayen mutanen gari. Jama'a suka fusata, aka ɗaure editan, aka ƙwace lasisin jaridar. Gus Dur na cikin ƙalilan da suka ƙi goyon bayan gwamnati ta rufe jaridar, don yana ganin wuƙar da aka yanka ta da ita ce za a yanka sauran. Musulmi da yawa ba su yafe masa wannan ba, kamar yadda ba su yafe masa zuwansa Isra'ila a 1994 ba. Sannan a 1997, mutumin da aka sani da adawa da Suharto sai ga shi yana yawo gari-gari tare da babbar 'yar Suharto ana daf da zaɓe. Abokansa na gwagwarmaya sun ji zafin wannan sosai.

Yadda ya hau mulki shi ne tushen yadda ya sauka. Suharto ya faɗi a watan Mayun 1998. A zaɓen Yunin 1999 jam'iyyar Megawati Sukarnoputri, PDI-P, ta zo ta ɗaya da kusan kashi 34 cikin 100, Golkar ta tsohuwar gwamnati ta biyo, jam'iyyar PKB ta mutanen Gus Dur kuwa ba ta kai kashi 13 ba. Kujeru 51 ta samu a majalisar wakilai mai kujeru 500. A tsarin wancan lokaci ba talakawa ke zaɓen shugaban ƙasa ba, babbar majalisar ƙasa ce mai wakilai 700, wadda suke kira MPR. Jam'iyyun Musulunci ƙarƙashin jagorancin Amien Rais ba sa son Megawati, wasu don mace ce, wasu don suna ganin ba ta damu da addini ba. Shugaba Habibie kuma, wanda ya gaji Suharto, majalisar ta ƙi karɓar rahoton mulkinsa, ya janye. Sai aka taru a kan Gus Dur. Ranar 20 ga Oktoba, 1999, ya sami ƙuri'a 373, Megawati ta sami 313, washegari aka ba ta mataimakiya don a kwantar da magoya bayanta da suka fara ƙone-ƙone.

Ka ga ke nan kujerar aro ce. Waɗanda suka ɗora shi sun ɗauka sun sami dattijo mara lafiya da za su juya, don ya yi fama da shanyewar jiki a farkon 1998, idanunsa kuma kusan ba sa gani, sai an riƙe masa hannu, sai an karanta masa takarda. Shi kuma ya hau yana ganin shi shugaba ne mai cikakken iko. Mu a gida mun ga makamancin wannan a tsohuwar jihar Kaduna a 1981, lokacin da majalisar da NPN ta mamaye ta tsige Balarabe Musa na PRP: shugaban da ba shi da rinjaye a majalisa, kuma ba ya son ciniki da ita, kwanansa ƙirgagge ne ko da hannunsa tsarkakakke ne.

Abubuwan da ya yi a watanninsa na farko su ne ake yabonsa da su yau. Ya rushe ma'aikatar yaɗa labarai ɗungurungum. Dokar 'yancin jarida ta 1999 Habibie ne ya sa mata hannu, amma Gus Dur ne ya kawar da ofishin da ke riƙe da maƙogwaron jaridu. Ya naɗa farar hula ministan tsaro, ya ba hafsan sojan ruwa shugabancin rundunonin ƙasar da sojan ƙasa suka daɗe suna kankanewa, sannan a Fabrairun 2000 ya kawar da Janar Wiranto daga majalisar ministoci bayan binciken kashe-kashen Timor ta Gabas. Ya soke umarnin 1967 da ya hana 'yan ƙasar masu asalin Sin yin bukukuwansu a fili. Ya je Jayapura ya shiga sabuwar shekarar 2000 tare da mutanen yankin, ya amince a kira yankin Papua kamar yadda suke so, ya kuma ba su damar ɗaga tutarsu muddin tana ƙasa da ta Indonesiya. Ya buɗe tattaunawa da 'yan tawayen lardin Aceh. Ya nemi gafara kan kisan gillar da aka yi wa waɗanda ake zargi da kwaminisanci a 1965 da 1966, kisan da matasan ƙungiyarsa ta NU suna cikin masu hannu a ciki, ya kuma nemi a soke dokar 1966 da ta haramta aƙidar. Wannan neman gafarar, a wurina, shi ne mafi girman abin da ya yi, don ba ƙaramin mutum ke tona laifin gidansu ba tare da an tilasta shi ba.

To amma dubi jerin da kyau. Kowane mataki ya ƙirƙiro masa maƙiyi: sojoji, jam'iyyun Musulunci da suka ɗora shi, dubban ma'aikatan ma'aikatun da ya rushe. Ya ƙara da maganar buɗe hulɗar kasuwanci da Isra'ila. A Afrilun 2000 ya kori ministoci biyu, Jusuf Kalla na Golkar da Laksamana Sukardi na PDI-P, ya zarge su da rashawa a gaban 'yan majalisa ba tare da ya kawo hujja ba. Rana ɗaya ya ɓata da manyan jam'iyyu biyu na ƙasar.

Yanzu mu zo kan jaridu, inda tambayarka ta fi nauyi. Bayan faɗuwar Suharto jaridu da mujallu sun fito kamar fari, ɗaruruwa, yawancinsu ba su da jari ba su da ƙwararrun ma'aikata, abin da ke sayar da su kawai kanun labari mai zafi. Manyan gidajen talabijin kuwa ba su sauya hannu ba tukuna: RCTI na da alaƙa da ɗan Suharto, Bambang, TPI kuma ta babbar 'yar Suharto ce, Tutut. Jaridar Republika ta fito ne daga ICMI ɗin da ya ƙi shiga. Ba ina cewa duk an haɗa baki ba ne, don Tempo da Kompas da suka san shi tun yana kawo musu rubutu su ma sun soke shi, kuma da hujja. Abin da nake cewa shi ne 'yanci ya zo kafin ƙwarewa, kuma masu kuɗin da ke bayan wasu kafafen suna da tsohuwar gaba da shi.

Shi kuma ya zama kamar rijiyar labari. Ya saba duk Juma'a bayan an idar da salla ya zauna a masallaci jama'a su yi masa tambaya, ya amsa nan take ba takarda ba mai ba da shawara. 'Yan jarida na zaune a sahu da na'urorinsu. A irin wannan zama ne zai ce ya ba da umarnin a kama wane, ko ya san masu kitsa rikicin wuri kaza, sai 'yan sanda su fito su ce ba su da hujja, sai kakakinsa ya zo yana gyara, shi kuma ya ce ba a fahimce shi ba. Haka aka yi bayan fashewar bam a ginin kasuwar hannun jari ta Jakarta a Satumbar 2000, lokacin da ya ce a kama Tommy, ɗan autan Suharto cikin maza. A zauren malami irin wannan magana hira ce, almajirai su yi dariya a tashi. Daga bakin shugaban ƙasa kuwa tana motsa darajar kuɗi. Ya taɓa tsayawa gaban majalisar wakilai ya ce bai ga bambancinsu da 'yan makarantar rainon yara ba. Jama'a sun ji daɗin maganar, 'yan majalisa kuwa suka ƙulle ta a ciki. Kalmar da aka fi saninsa da ita, wadda ma'anarta ita ce "ɗan wannan abin ne ake ta wahala a kai?", ta zama abin da masu zanen barkwanci ke tsokanarsa da shi duk lokacin da wani gari ya kama da wuta. Hotunansa yana gyangyaɗi a taro suka cika shafuka. Wasu mujallu har suka buga wani hoto da ke nufin zubar masa da mutunci ta fuskar mace, zargin da bai kai ko'ina ba.

Akwai tabon da masoyansa ba sa son a ambata. A watan Mayun 2000 jaridar Jawa Pos ta Surabaya ta buga labarin zargin rashawa da ya shafi manyan NU da makusantansa, akwai kuskure a ciki. Matasan Banser, 'yan agajin ƙungiyar masu kaki, suka mamaye ofishin jaridar har ta kasa fitowa washegari. Mutumin da ya tsaya wa Monitor a 1990 ya kamata a ji muryarsa da ƙarfi a ranar, amma abin da aka fi ji daga gare shi ƙorafi ne kan yadda jaridu ke murɗe maganarsa.

Badaƙalar kuɗin guda biyu ce. Ta farko ta shafi Bulog, hukumar da ke saye da adana shinkafa da sauran kayan abinci. Wani mutum mai suna Suwondo, wanda ke yi wa shugaban tausa, ya je wurin mataimakin shugaban hukumar, Sapuan, ya ce shugaban ƙasa na buƙatar kuɗi. Aka fitar da rupiya biliyan 35, kimanin dala miliyan 4, daga asusun jin daɗin ma'aikata. Gus Dur ya amsa cewa ya taɓa tambayar ko za a iya amfani da kuɗin Bulog don agajin Aceh, amma da aka ce sai ya sa hannu a takardar umarni sai ya fasa. Kotu ta ɗaure Sapuan da Suwondo. Ta biyu kyauta ce ta dala miliyan 2 daga Sarkin Brunei, wadda ya ce ta ƙashin kai ce don taimakon Aceh, bai shigar da ita baitulmali ba. A nan ma halin zaure ne ya bayyana: malami ya karɓi sadaka ya raba, ba mai tambayarsa rasit. Sakaci ne babba, kuma barin mai tausa ya sami irin wannan ƙofa aibi ne ga kowane shugaba. Amma ka auna waɗannan kuɗaɗe da abin da aka wawure a shekara 32 na Suharto, ka kuma tuna cewa da yawa daga masu ɗaga murya a kwamitin binciken 'yan Golkar ne da suka ci moriyar wancan zamani.

Majalisar wakilai ta ba shi takardar gargaɗi ta farko ranar 1 ga Fabrairu, 2001, ta biyu ranar 30 ga Afrilu. Tsakanin biyun ya yi abin da ni kaina ba na iya kare shi a kai. A watan Fabrairu rikici ya ɓarke a Sampit da ke tsibirin Kalimantan, aka kashe ɗaruruwan 'yan ƙabilar Madura, waɗanda galibinsu mutanen NU ne. Shi kuwa ya kama tafiyar mako biyu zuwa Gabas ta Tsakiya da Afirka, wadda ta kawo shi har Najeriya ta kuma ƙare da aikin hajji, ya ƙi katse ta. Jaridu sun daɗe suna ƙirga masa tafiye-tafiye, wannan ta ba su gaskiya. A tsibiran Maluku ma, inda ake rikicin addini, ya ba da umarnin a hana mayaƙan ƙungiyar Laskar Jihad shiga birnin Ambon, suka shiga jiragen ruwa suka tafi ba wanda ya tare su, abin da ya nuna wa kowa cewa jami'an tsaro sun daina jin maganarsa.

A gabashin Jawa magoya bayansa suka fusata, suka ƙone ofishin Golkar, suka sare itatuwa suka tare hanyoyi, wasu suka yi rajista cikin abin da suka kira rundunar masu shirin mutuwa. Halinsa a nan ya rabu biyu. Ya je da kansa ya ce su koma gida, amma kuma ya riƙa gargaɗin cewa in aka tsige shi wasu larduna za su ɓalle. Ya nemi ministansa mai kula da tsaro, Susilo Bambang Yudhoyono, ya goyi bayan dokar ta-ɓaci, ya ƙi, ya sauke shi a watan Yuni. Ya yi rigima da shugaban 'yan sanda Bimantoro, ya naɗa wani a madadinsa ranar 20 ga Yuli ba tare da amincewar majalisa ba. Nan take Amien Rais, shugaban MPR, wanda ya ɗora shi da farko, ya matso da zaman MPR da aka shirya yi ranar 1 ga Agusta. Ranar 22 ga Yuli sojoji suka jera tankokin yaƙi a dandalin Monas da ke fuskantar fada. Da tsakar dare, wajen ƙarfe ɗaya na safiyar 23 ga wata, kakakinsa Yahya Cholil Staquf, wanda aka zaɓa shugaban NU a 2021, ya karanta sanarwar dakatar da majalisun biyu, da dakatar da Golkar, da shirya zaɓe cikin shekara guda. Kotun ƙoli ta ce sanarwar ta saɓa doka, soja da 'yan sanda suka ƙi aiwatarwa, kafin yamma wakilai 591 sun kaɗa ƙuri'ar tsige shi ba ko ɗaya da ya saɓa, 'yan jam'iyyarsa sun ƙaurace. Aka rantsar da Megawati.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙudurin da aka tsige shi da shi bai dogara kan kuɗin Bulog ko na Brunei ba. Abin da ya ambata shi ne ƙin zuwa ya ba da bahasi gaban majalisa, da kuma waccan sanarwa ta tsakar dare. Ke nan cewa an tsige shi saboda cin kuɗi ba daidai ba ne ko a takarda. Yana da hujja da ya ce majalisar wakilai ta mai da tsarin shugaba mai cikakken iko kamar na firaminista. Amma rufe majalisa da sanarwa hanya ce da Sukarno, shugaban ƙasar na farko, ya bi a 1959, kuma ƙasar ta san inda ta kai ta. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da mulkin mutum ɗaya bai kamata ya gwada ta ba.

Da daren ranar ya fito barandar fada sanye da gajeren wando da 'yar riga mai gajeren hannu, ana riƙe da shi, ya ɗaga wa magoya bayansa hannu. Hoton ya zaga duniya. A lokacin an buga shi ne a matsayin shaidar shugaban da ya rasa kan gado da kwarjini. Bayan kwana uku ya bar fadar ya tafi Amurka ganin likita, kuma jinin da aka yi ta fargaba bai zuba ba. Da ya ce wa mutanen gabashin Jawa su shigo Jakarta, da sun shigo.

Sunansa bai farfaɗo dare ɗaya ba. A 2004 hukumar zaɓe ta hana shi takara saboda rashin lafiya. A 2008 ya sha kaye a rikicin jam'iyyar PKB a hannun Muhaimin Iskandar, ɗan gidansu, rikicin da har yau iyalansa ba su huce ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne abubuwan da suka biyo bayan mulkinsa. Gwamnatin Megawati ta dawo da ma'aikatar yaɗa labarai da sabon suna. Aka yi harin Bali a 2002, aka shiga shekarun kai wa tsiraru hari, badaƙalolin rashawa masu ninkin na Bulog suka riƙa fitowa daga majalisar da ta tsige shi. Shi kuma ya koma abin da ya fi iyawa, wato faɗin ra'ayi ba tare da nauyin zartarwa a kansa ba. Ya tsaya wa Kiristocin da aka hana gina coci, ya tsaya wa 'yan Ahmadiyya a kan cewa ko an saɓa da aƙidarsu ba a yarda a far musu ba, matsayin da ya ja masa suka mai tsanani daga malamai da dama. A 2004 'yan asalin Sin a birnin Semarang suka naɗa shi uban al'ummarsu. Bakin da ya zama masifa a fada ya dawo abin so a shirye-shiryen hira na talabijin.

Ya rasu ranar 30 ga Disamba, 2009, a Jakarta, yana da shekara 69. Aka binne shi a makarantar kakansa ta Tebuireng. Yudhoyono, wanda Gus Dur ya taɓa saukewa daga minista, shi ne shugaban ƙasa a lokacin, shi ya jagoranci jana'izar, ya kira shi uban zaman tare tsakanin addinai da ƙabilu. Daga nan laƙabin ya zauna. Hoton gajeren wandon nan ma aka sake masa fassara, ya koma alamar mutumin da mulki bai rufe wa ido ba. Barkwancinsa ya zama abin da ake tattarawa ana yaɗawa. Akwai wani barkwancinsa inda ya ce 'yan sanda masu gaskiya uku ne kawai a ƙasar: mutum-mutumin ɗan sanda, da tudun rage gudu na kan titi wanda su suke kira ɗan sanda mai barci, da marigayi Janar Hoegeng, tsohon shugaban 'yan sandan ƙasar. A 2020 wani mutum a arewacin Maluku ya sa wannan a Facebook, 'yan sanda suka kira shi ofis, ƙasa ta yi musu ca har suka sake shi.

Ina ganin yabon na yanzu shi ma ya zarce, kamar yadda sukar ta zarce a da. Wasu mabiyansa na ɗaukarsa waliyyi, suna fassara gyangyaɗinsa a taro da karama, kafafen labarai kuma sun daina ambaton Sampit da Jawa Pos da sanarwar tsakar dare. In za ka tattauna da abokinka, ka tambaye shi waɗannan ukun, ka kuma tambaye shi abin da ƙasarsu ta koya. Don ta koya: gyaran tsarin mulki na 2001 ya sa ba a iya tsige shugaba sai an bi ta kotun tsarin mulki ta tabbatar da laifi, kotun da aka kafa a 2003, kuma tun daga 2004 talakawa ke zaɓen shugaba kai tsaye. Tun daga lokacin ba a sake tsige kowa ba.

A watan Satumbar 2024 shugabannin MPR suka sanar cewa ƙudurin 2001 da ya tsige shi ba ya aiki, suka miƙa wa matarsa Sinta Nuriyah takardar. Ranar 10 ga Nuwamba, 2025, Shugaba Prabowo Subianto ya sanya shi cikin gwarazan ƙasa. A wannan bikin dai aka ba Suharto irin wannan lambar, kuma ƙungiyar Gusdurian ta masu bin tafarkinsa, wadda 'yarsa Alissa ke jagoranta, tana cikin waɗanda suka fito fili suka ƙi amincewa da karrama Suharto.